Ludayin da Aka Kai Harami

Lahadi, bayan La'asar

Na dawo Makka! Tun daga hanyar Jidda nake zumuɗi, da muka shigo unguwar Mansur kuwa ƙamshin sairiyya ya daki hancina, sai da na sa Yaya Fahad ya tsaya na sayi tsiren tun ban sa ƙafa a gida ba. Shekara biyu ina Turai ina cin burodi mai sanyi, ai dole. Ya ce, "Muhandisa, injiniya guda, mai ƙera motar tsere, ta ƙare a layin mai nama." Na ce ya ji da bas ɗinsa da ke rarrafe a Muzdalifa lokacin Hajji.

Sunan 'yarsa na zo, amma aiki ya biyo ni. Sabuwar motarmu ta kusa fita, irin waɗanda ake tsere da su a bakin tekun Jidda, shi ya sa kamfani ya yarda na taho da kwamfutar aiki.

Umma ta ɗan rame, amma bakin yana nan. Ta ba baƙi ɗakina, wasu mata 'yan Umra daga Kano, dangin dangin wani. A gidan Umma Shatu ba a taɓa ce wa baƙon Allah babu wuri ba. Ni da kwamfutata mun koma kusurwar falo, kusa da firij. Dokar kamfani ta ce sai a ɗaki mai makulli. To, a gidan nan banɗaki kaɗai ke da makulli.

Litinin, hantsi

Bari in rubuta abin da Hausa, in ga ko ni kaina na gane shi. Fiffiken jirgin sama ɗaga shi yake yi. Na motar tsere a kife yake, iska danna ta take yi ƙasa, ta manne da kwalta, ta sha kwana a guje ba ta zame ba. Bana an sauya dokar gasar: mota ta ƙanƙance, ta rage nauyi, fukafukan kuma motsi suke yi, su kwanta a miƙaƙƙen titi, su miƙe in an zo kwana. Shasin, wato akwatin da direba ke kishingiɗa a ciki, wanda komai ke rataye a jikinsa, zaren kabon ne ake shimfiɗawa falle-falle kamar yadi, a gasa a tanda. Ni kaɗai ina iya ɗaga gefe guda, amma ko bango ya daka direba zai fito da ƙafarsa. Wallahi duk sanda na tuna sai tsigar jikina ta tashi.

Fitinar duk tana wurin tayar gaba. Tana juyawa tana watsa iska ko'ina, iskar da ta hargitse ta shige ƙarƙashin motar ta ɓata aikin kowa. Watanni na yi ina kokawa da ita. Abin da na zana ɗan lanƙwasasshen abu ne a bayan tayar, bai kai tafin hannuna ba, yana kwashe iskar nan ya zubar da ita waje.

Ina cikin jujjuya shi a kwamfuta Umma ta leƙo da farantin ful da tamis. Ta yi masa kallon tsaf, ta ce, "Wannan ai ludayi ne. Shi suka kai ki Turai ki yi? Da kin faɗa, ga su nan cike da kwando." Na yi dariya har da ƙwarewa. Ta yi gaskiya, sak ludayin kunu. Sunansa ke nan daga yau.

Gobe ko jibi za su sa shi a zauren iska, dogon ɗakin nan mai ƙatuwar fanka inda ake hura wa ƙaramar motar gwaji iska a auna. In ya yi, ya hau motar gaske. In bai yi ba, kwandon shara.

Laraba, bayan Azahar

Shiru. Na wanke kwanukan gidan nan duka, har waɗanda aka riga aka wanke.

Alhamis, bayan Azahar

Ya yi! Ludayi ya yi!

Shugaban sashenmu, dattijon da ban taɓa ganin haƙoransa ba, ya turo sakamakon da kansa. Iskar ta bi inda na ce ta bi. Bayan motar ya ƙara mannewa, gudun miƙaƙƙen titi bai ragu ba, kuma duk cikinmu ba wanda ya taɓa ganin irinsa a motar wani. Ya ce za a ƙera na gaske, kuma kar kowa ya buɗe baki sai ranar da motar ta taka kwalta, don in abokan hamayya suka hango shi, 'yan makonni sun ishe su su kwaikwaya.

Ihun da na yi har baƙin Kano suka fito da carbi a hannu, sun ɗauka gobara ce. Umma ba ta gane komai ba sai dai ta ga alheri ne, ta rangaɗa guɗa, ta ce, "Mabruk! Mabruk, 'yar nan!" Sai ta jawo jawwal ɗinta.

Umma da wayar nan sai Allah. Duk abin da ya shigo rayuwarta sai ta ɗauke shi hoto. Duk ran Juma'a sai ta tafi Harami tun da safe, ta zauna inda take hango Ka'aba, ta riƙa buɗe hotunan ɗaya bayan ɗaya tana yi wa kowanne addu'arsa: bas ɗin Yaya Fahad, jaririyar, sabon shagon maƙwabta, ƙafar wata tsohuwa da ta kumbura a Kano. In ta gama ta tura su guruf ɗin dangi da muryarta, "An kai Harami, ku ce amin." Daga Kano har Maraɗi har Umdurman jira ake yi. Ba ta taɓa karɓar ko sisi a kai ba, ta ce ita ke kusa da ƙofa, nauyinta ne.

Ta ce, "Juyo, Ikram." Na juyo, baki har kunne.

Juma'a, bayan La'asar

Umma ta dawo ƙafa a kumbure, fuska tana sheƙi. Ta ce ta kai ludayina, ta daɗe a kansa fiye da kowa. Na sumbaci goshinta. Kaina yana can wurin bakin ludayin, ina ganin in aka ɗan ƙara masa lanƙwasa kaɗan zai fi haka kwashewa.

Lahadi, bayan Magariba

An yi suna. Shahad. An ci, an sha, an yi rigima kan wa ta ɗebo, hancin dai namu ne. Kowa ya gan ni sai ya ce, "Ga mai mota!" Ban tsaya na tambayi inda suka ji ba, daɗi kawai nake ji.

Talata, da safe

Kwamfutar ta ƙi buɗewa. Ba lalacewa ta yi ba.

Talata, bayan Magariba

Kamfani sun kira. Sun turo mini hoton.

Labulenmu ne mai furen zinariya. Ga fulas ɗin shayi, ga gefen firij, ga haƙorana duka a waje. A bayan kafaɗata kuma ga ludayi a fuskar kwamfuta, tas, kamar zanen littafin makaranta. Wani ma ya ƙara masa girma ya kewaye shi da jan layi.

Daga shafin Kawu Lurwanu na Kano ya fara tashi, ƙanin Umma. Ya rubuta a ƙasa, "'Yarmu ta Makka, injiniyar Turawa, Allah ya ƙara ɗaukaka." Daga can ban san hannu nawa ya bi ba, yanzu masu bin tsere suna ta muhawara a kansa da harsunan da ban ma iya ba.

An ce in zauna inda nake sai an gama bincike. Ko dai in koma teburina in ga motata ta taka kwalta, ko su haɗa mini kayana su aiko. Aikin da na yi shekara da shekaru ina mafarkinsa.

Ba zan yi maganar wanda ya ɗauka ba.

Laraba, hantsi

Na ce wa Umma an ƙara mini ijaza, wato hutu. Ta ɗaga hannu sama ta ce, "Ashe Turawan nan sun san darajar uwa." Ta aika a sayo kuka da daddawa daga wurin matar nan ta bayan masallaci, za ta yi mini tuwo.

Na ci. Na ƙara.

Juma'a, bayan La'asar

Na raka ta Harami. Ita tana can da wayarta, ni na zauna a farfajiya ina kallon tantabaru, kuma wallahi na ga abin da shekara ashirin ina gani ban gani ba! In tantabara za ta sauka, akwai wasu 'yan gashi a gaban fiffikenta da take ɗagawa su kaɗai, sai wani ɗan tsagi ya buɗe, iska ta bi ta ciki ta ƙi rabuwa da fiffiken. A makaranta an koya mana, amma gani daban ne. In aka yi wa ludayi tsagi siriri irin wannan a bakinsa, ko motar ta karkace a kwana iskar ba za ta suɓuce masa ba. Na tashi tsaye ban sani ba. Wata Ba'indiya ta ɗauka wurina na ba ta, ta zauna abinta.

Na zana shi a bayan hannuna da biro. Sai da na gama na tuna ba ni da wanda zan tura wa.

Asabar, bayan Azahar

Yaya Fahad ya ɗauke ni wai mu sayo kaya a Zahir. Ya tsaya a inuwa ya kashe mota. Ya riga ya gani, abokansa direbobi sun nuna masa.

Ya ce, "Ish fi? Me suke so?"

Na ce suna son sunan wanda ya ɗauka, da wayar da aka ɗauka da ita su duba, da sa hannun mai ita a gaban lauya cewa ba wani ne ya biya shi ba.

"Tayyib, ki ba su. Tsohuwa ce, addu'a ta kai. Kowa ya gan ta ya san ba ta san komai ba."

"Yaya, a zaunar da Umma gaban lauyan Turawa? A karɓe mata waya a bi hotunan marasa lafiyar mutane ɗaya-ɗaya? A ce mata addu'ar da ta kai ce ta jawo?"

"To aikinki fa?"

Na ce ko na ba su sunan, ni ce na buɗe kwamfuta a falo. Ya daki sitiyari ya ce khalas, shi zai faɗa mata da kansa. Na ce in ya faɗa ba ni ba shi. Mun dawo ba mu sayi komai ba. Ya dai kira Kawu ya sa shi ya goge, bayan duniya ta gama kwafa.

Litinin, da safe

Tsagin nan bai kamata ya wuce kaurin farce ba. Na yi lissafin a takardar burodi. Yana fita, yana fita daidai!

Laraba, bayan La'asar

An yi zaman binciken. Wannan karon na nemi wuri mai makulli: bas ɗin Yaya Fahad, a garejinsu na hanyar Muzdalifa. Ya kulle ni a ciki ya kunna mini sanyi ya tafi shan shayi. Kujeru fal ba kowa, ni kaɗai a bayan direba da waya a hannu. In ba don abin da ya kawo ni ba, da na yi dariya.

Lauyar kamfani ce ke tambaya, a hankali, ba faɗa. Ta tambayi wa ya ɗauka. Na ce ni na karya doka na yi aiki a falo, ni na ga an ɗaga waya, ni na juya na yi murmushi. Ta ce ba wannan ta tambaya ba. Na ce shi ke gare ni. Ta juya tambayar ta kowace fuska, ni ma na maimaita amsar har ta gaji.

Da za a tashi, dattijon sashenmu ya gyara gilashinsa ya tambaye ni abin da nake gani game da bakin abin in mota ta karkace. Kafin in ankara na ɗaga takardar burodi gaban waya ina ta zuba, tantabaru da tsagi da kaurin farce, shi ma ya matso yana cewa in sake nuna masa, muka manta da kowa. Sai da lauyar ta yi gyaran murya. Yau na ga haƙoransa.

Na fito ina ta tsalle a gareji. Yaya ya ce, "An yafe?" Na ce ban sani ba, amma dattijon ya ga tsagin.

Alhamis, bayan Magariba

Kawu Lurwanu ya kira Umma ya ba da haƙuri. Shi a ganinsa ladabi ne.

Ina falo, ita tana kicin. Na ji "Wane hoto?" da ƙarfi. Sai muryar ta riƙa raguwa, "Na'am. Na'am." Daga baya ban ƙara jin komai ba sai famfo yana zuba, ya daɗe yana zuba.

Ta kawo abinci ta ajiye. Ba ta kalle ni ba, ni ma ban ɗago ba.

Juma'a, hantsi

Ta tafi Harami. Jawwal ɗin yana saman firij.

Lahadi, bayan Azahar

Har yanzu yana can. Sai ya yi ta ɓurari shi kaɗai, dangi ne ke tambaya ko lafiya, wannan makon ba a kai ba. Wata a Maraɗi za a yi wa mijinta aiki a asibiti, ta kira ta wayar Yaya tana roƙo. Umma ta ce a gaya mata za ta ambaci sunansa da baki.

Baƙin Kano sun tafi, ɗakina ya dawo. Ta share shi da kanta, ta kira kafinta ya sa masa sabon makulli. Ta ajiye mini mabuɗin a kan filo ta fita. Na zauna na yi ta kallonsa.

Ina jin haushi. To, na rubuta. Ina jin haushinta, ina jin haushin Kawu, na fi jin haushin kaina, mai haƙoran nan da ta juya. Amma wannan shirun nata ya fi komai ci mini rai. Da ma ta yi faɗa, ko ta ce ludayi ne kawai.

Talata, da safe

Sun tambayi adireshin da za su aiko da kayana.

Talata, bayan La'asar

Na yi kuka na ƙoshi. Yaya ya zo ya zauna a bakin ƙofa, can ya ce kamfaninsu na neman mai duba birki. Na jefe shi da filo.

Dattijon ya turo saƙo shi kaɗai, gajere. Ya ce ya yi iya yinsa bai yi nasara ba. Ya ce ran Litinin za a fara fitar da motar, kamfani zai saki bidiyon, in kalla da kyau.

Umma ta sani. Na ga ta sani daga yadda ta cika mini shayi da madara.

Alhamis, bayan Azahar

Litinin ta yi nisa. Ya kamata in ce ba ruwana da motar, amma ƙarya ne, ko abinci ba na iya zama in ci. Ko wane launi suka yi mata? Ko sun bar shi? Wataƙila sun cire, tunda kowa ya gani.

Litinin, bayan La'asar

Ta fita! Ya Allah, ta fita!

Yaya ya haɗa wayarsa da talabijin ɗin falo. Ƙofar gareji ta ɗaga, ga ta nan ta leƙo da hanci, baƙa wuluk, siririya, ƙasa-ƙasa kamar za ta lashi kwalta. Da ta hau miƙaƙƙen titi na ga fukafukan sun kwanta, da ta zo kwana suka miƙe, ta shige ko girgiza babu. Ƙarar kuwa har cikin haƙarƙarina. Yaya yana ta ihu da Larabci, ya manta muna cikin baƙin ciki.

Da ta dawo gareji mai ɗaukar hoto ya matsa kusa da tayar gaba. Yana nan. Ludayina yana nan, kuma an yi masa tsagin, siriri kamar farce. A gwajin farko akan shafa wa mota wani koren fenti mai ruwa-ruwa, iska ta ja shi, a ga hanyar da ta bi. Layukan fentin sun shiga ta tsagin, sun kewaya cikin ludayin, sun fice waje lafiya lau, daidai yadda na zana a bayan hannuna a farfajiyar Harami. Na durƙusa gaban talabijin ina dariya hawaye na zuba. Aikin ya tafi, wannan kam ya tabbata, amma iskar ta bi inda na ce.

Na waiwaya. Umma tana can ƙarshen kujera, ta haɗa hannuwa biyu a cinya ta matse su, kamar tana tsoron su yi wani abu da kansu.

Ta ce, "Shi ne?"

Na ce, "Shi ne, Umma."

Ta gyaɗa kai. Na tashi na taka kujera na ɗauko jawwal ɗin daga saman firij. Ya yi ƙura, ya mutu. Na goge shi da gefen mayafina, na sa a caji, muka zauna muna jira ya kama. Da ya kawo haske na sa Yaya ya tsayar da bidiyon a kan ludayin, na ɗora mata wayar a tafin hannu.

Na ce, "Yau kamfanin da kansa ya nuna wa duniya. Ɗauka. Juma'a ki kai."

Ta ƙi rufe hannun. Ta ce, "Me zan roƙa masa, Ikram? Ba naki ba ne yanzu. Ni na raba ki da shi."

"Ki roƙa ya yi gudu. Ki roƙa mini wani aikin. Ga mijin matar Maraɗi kuma, mutane suna jira."

Ta daɗe tana kallon wayar. Sai ta ɗaga ta da hannu biyu. Ni na riga na koma na durƙusa gaban talabijin, na ba ta baya. Sai na ji muryarta.

"Juyo."

Na juyo.